Sarki a Kan Sirdi, Yara a Gindin Turke: Rayuwar Sarkin Katsina Usman Nagogo

Da shugabannin wannan mujalla suka nemi in kawo tarihin wani babban mutum kafin mu 'yan ajin ƙarshe mu tattara namu-ya-namu, ban daɗe ina tunani ba. Sunan mutumin ya daɗe a raina, kuma dalilin haka wata babbar mota ce da ta taɓa tsayawa a garinmu.

Ina firamare a Bakori lokacin. Wata rana da la'asar wata roka ta tsaya bakin titin da ya fito daga Malumfashi ya nufi Funtuwa. Mun ɗauka buhunan masara ta ɗauko, kamar sauran motocin da muka saba gani. Da muka matsa sai ga kawunan dawaki, gezarsu a aske ƙwal, ga wasu samari sun yi buɗu-buɗu da ƙura suna zaune kan dammunan harawa. Ruwa suke nema. Muka yi ta jido masu da bokitai, su kuwa ba wanda ya kai ko kurɓi ɗaya bakinsa sai da kowane doki ya sha. Suka gaya mana daga Katsina suke, za su Kaduna wasan ƙwallon dawaki, wanda aka fi sani da folo. Masu dawakin kuma sai jibi za su biyo baya a ƙananan motoci.

Da na koma gida na ba kakana labari, sai ya gyara zama. Shi ma da ƙuruciyarsa ya yi ɗawainiyar doki, ya sha bin ayarin hakimi zuwa birni hawan salla. A bakinsa na fara jin sunan Usman Nagogo. Bai taɓa magana da Sarkin ba, daga nesa yake hango shi, amma duk lokacin da ya zo kan yadda mutumin yake zama a kan sirdi sai ka ga idonsa ya kawo haske. Wannan rubutu tarihin wancan Sarki ne, amma zan ba da shi daga inda kakana yake tsaye, wato daga wajen turaku.

Gidan da ya fito

An haifi Usman Nagogo a Katsina a 1905, daidai lokacin da ƙasar take cikin juyi. Shekara biyu kafin nan, a 1903, Turawan Ingila suka shigo birnin. Cikin ɗan lokaci suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906. Daga nan sarauta ta bar gidan Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje da ya karɓo tuta a zamanin jihadi, ta koma hannun Durɓin Katsina Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Ke nan Nagogo yana goye mahaifinsa ya zama Sarki.

Muhammadu Dikko mutum ne mai son ganin sabon abu da idonsa. A 1921 ya tafi aikin hajji ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, inda ya gana da Sarki Joji na Biyar. Cikin 'yan rakiyarsa har da Nagogo, yana ɗan shekara 16. Ku dubi wannan da kyau. A lokacin da yawancin samarin ƙasar nan iyakar tafiyarsu kasuwar ƙauyen gaba, shi ya ga teku, ya ga Landan, ya ga Makka. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, ya kuma shiga makarantar boko ta lardi a Katsina. A shekarun ne ma aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Aikin hukuma ya fara shi da wuri. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari, hakimin cikin birni. Duk wanda ya san tsarin masarauta ya san waɗannan mukamai biyu makaranta ce: na farko ya koya maka horo da oda, na biyu ya koya maka haƙuri da jama'a. Amma kafin duk wannan, akwai makarantar da ya shiga tun bai iya tsarki ba, ita ce barga.

Yadda folo ya iso Katsina

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da shi aka yi yaƙi, da shi aka yi fatauci da aike, da shi ake hawan salla. Sarautu irin su Madawaki da Shamaki ma daga harkar doki suka samo asali. Sukuwa da kilisa kuwa tun kaka da kakanni. Abin da Turawa suka zo da shi shi ne buga ƙwallo da sanda daga kan doki bisa doka da ƙa'ida.

Su ma aro suka yi. Wasan tsoho ne a Farisa da tsakiyar Asiya. Sojojin Ingila da masu gonakin shayi sun tsince shi a wajen mutanen Manifur, arewa maso gabashin Indiya, wajen tsakiyar ƙarni na 19, suka kai shi gida suka rubuta masa dokoki. A Najeriya an fara buga shi a Legas a 1904, daga baya ya hau Arewa tare da hafsoshin soja da joji-joji. A Kaduna, tun 1919 ake fafatawa a kan Kofin Georgian, wanda har gobe shi ne kofin da kowane ɗan wasa a ƙasar nan yake mafarkin ɗagawa.

Da fari wasan Turawa ne zalla. Ɗan ƙasa aikinsa riƙe linzami da wanke doki. Sarki Dikko ne ya canza wannan. A farkon shekarun 1920 ya sa aka share fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da yaransa suka koyi wasan. Ga dawaki a barga, ga samarin da suka tashi a kan sirdi, abin da ya rage kawai sanda da ƙa'ida. Ba a jima ba 'yan Katsina suka fara karawa da hafsoshin Turawa suna ba su kashi, kuma tauraron wannan ƙungiya shi ne Nagogo. A zamaninsa Katsina ta sha ɗauko Kofin Georgian daga Kaduna.

A tuna fa, ba albashi ake biyan kowa don wannan wasa ba. Sojoji ne da ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta, kowa da aikinsa, sai an tashi aiki ko an samu hutu a hau. Abin da ake nema kofi ne da suna. A mulkin da komai ya nuna wa ɗan ƙasa shi ne a ƙasa, filin folo na cikin 'yan wuraren da zai bangaji Bature kafaɗa da kafaɗa, ya ƙwace ƙwallo, a tashi a yi musabaha.

Wasan da lissafinsa

Tunda yawancinmu kallon ƙwallon ƙafa muka iya, bari in ɗan warware. Filin folo tsawonsa yadi 300 ne, faɗinsa yadi 160 in an kafa katako a gefe. Tsakanin sandunan raga yadi 8. Kowane ɓangare mutum huɗu ne. Ana riƙe sanda da hannun dama kaɗai, ko da kai bahago ne, linzami a hagu. Sandar doguwa ce mai lanƙwasa, da guntun katako a kai, kuma da gefen katakon ake dukan ƙwallo, ba da bakinsa ba. Duk lokacin da aka ci, sai a yi musayar raga. Babbar doka ita ce ta layin ƙwallo: wanda yake bin hanyar da ƙwallo ta bi shi ke da hanya, ba a gitta masa, don in dawaki biyu suka yi karo a guje ba a kwashewa da daɗi.

Ana raba wasa zango-zango, kowane zango minti 7, shi ake kira cuka. Wasa ɗaya yakan zama cuka 4 zuwa 6. Minti bakwai kamar wasa, ko? To doki ne yake zabura a guje, a take masa birki, a juya shi, ya sake zabura, a bangaje shi, babu tsayawa. Shi ya sa ake sauya doki bayan kowace cuka, kuma bisa al'ada doki ba ya wuce cuka biyu a wasa. Ku yi lissafi da kanku. Wasan cuka 4 yana bukatar aƙalla doki biyu ga kowane ɗan wasa, wato dawaki 16 ga mutum takwas. In cuka 6 ce, 24 ke nan, ban da na ko-ta-kwana.

Sannan akwai ma'aunin gwaninta. Hukumar wasa tana ba kowane ɗan wasa lamba, daga 2 ƙasa da sifili har zuwa 10. Ba yawan ƙwallon da ka ci ake ƙirgawa ba, ana duba hawanka, da bugunka, da yadda kake karanta wasa, har da ingancin dawakin da kake hawa. Mafi yawan masu wasan a duniya ba sa wuce 2. Masu 10 'yan ƙalilan ne, galibinsu 'yan Ajantina. Usman Nagogo ya kai 7, kuma har yau ba a samu ɗan Najeriya da ya zarce shi ba. Ya kai nan ne a kan dawakin yankinmu, tun kafin a fara sauko da 'yan Ajantina masu tsada da ake yayi yanzu.

Tunda ma'aunin ya haɗa da doki, to wani yanki na wannan 7 ɗin a barga aka samo shi. Mu leƙa can.

Bayan fili

Bara da aka yi gasar shekara-shekara a filin folo na Katsina, wanda yake ɗauke da sunan Nagogo, na je kallo da wani abokina. Wajen rumfar manya ba ta shiguwa ga irinmu, sai muka zagaya baya inda aka kafa turaku. Wallahi ban yi da-na-sani ba. Abin da na gani ya yi daidai da abin da kakana yake ba ni labari, in ka cire wayoyin hannu da jarkokin roba.

Ranar mai kula da doki tana farawa tun kafin kiran assalatu. Zai share turke, ya kwashe kashi, ya duba ko dokin ya cinye abincin dare, don dokin da ya bar abinci akwai magana. Zai shafa ƙafafu huɗun nan da tafin hannu yana neman zafi ko kumburi, ya ɗaga kofato ya ƙwaƙule tsakuwa. Sai a fita kilisa da sanyin safiya, mutum ɗaya a kan doki yana jaye da wasu biyu. In an dawo a yi wanka, a goge jiki, a ba da ruwa, a zuba dawa da dusa, a rataya harawa. Kanwa kuma ba ta yankewa. Ranar wasa ana rage abinci tun da sauran sa'o'i, don doki ba ya gudu da cikakken ciki.

Shirin fita shi ma ilimi ne. Ana aske geza don kada ta harɗe da linzami. Ana kitse wutsiya a naɗe ta a ɗaure don kada ta kama sanda. Ana naɗe ƙwaurin ƙafafu da ƙyalle mai kauri saboda dukan ƙwallo da na sanda, kuma in ka matse da yawa ka illata jijiya, in ka sassauta ya warware ana tsakiyar gudu. Sai sirdi, da majayi, da likkafa, kowanne a duba ɗinkinsa. Majayin da ya tsinke a cikin wasa yana iya zama ajalin mutum. Kowane doki kuma da irin linzamin da bakinsa yake karɓa, wanda ya dace da wancan akawal ɗin ba lallai ya dace da wannan bidin ba. Wannan ba a rubuce yake ba, a kan yaron barga yake.

Da an busa ƙarshen cuka sai wurin ya kacame. Minti uku ne kacal tsakanin cuka da cuka. Ɗan wasa zai shigo a sukwane, wani ya tare dokin da ya jiƙe sharkaf da gumi, wani ya miƙo sabo a ɗaure tsaf, wani ya canza sandar da ta tsage. Wasu gwanayen ma ba sa taka ƙasa, daga sirdi sai sirdi. Wanda aka sauka a kansa kuwa yanzu aikinsa ya fara: a sassauta majayi, a kwara masa ruwa a wuya da ƙafafu, a yi ta zagayawa da shi a hankali har numfashinsa ya daidaita. Ba a barinsa ya ɗirki ruwa son ransa nan take, ba a kuma ɗaure shi da zafin jikinsa. Ciwon ciki shi ne babban abin tsoron mai doki, yana iya kayar da ingarma cikin dare ɗaya.

Masu kallon tseren motoci a waya sun san wurin nan da mota take shigowa makanikai kusan ashirin su rufar mata, su canza tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Direba ake ɗauka a hoto, amma sau da yawa a wannan wurin ake cin tsere ko a faɗi. To gindin turke shi ne namu.

Da dare kuma wata duniya ce. Yaran Kano, da na Zariya, da na Kaduna, da na Jos, waɗanda iyayen gidansu suka yini suna bangazar juna, sai ka gan su zaune kan tabarma ɗaya gaban mai shayi. Wannan ya ari allurar ɗinkin fata, wancan ya roƙi maganin shafawa, ana tsokanar wanda dokinsa ya ƙi juyawa. A nan ake sanin dokin da za a sayar da wanda ake ɓoye ɗingishinsa. A nan suke kwana, kusa da turaku, kunne a buɗe. Na tambayi wani dattijo a cikinsu shekara nawa ya yi a harkar, ya ce ya haura talatin, ya bi dawaki har Legas da Fatakwal, amma bai taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba, kullum yana baya yana shirya doki na gaba.

Yanzu ku mayar da wannan hoto zamanin Nagogo. Jirgin ƙasa bai shiga birnin Katsina ba. A duk faɗin masarautar, ta kudu ya ratsa, ta Funtuwa, a layin da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kai dawaki gasa Kaduna ko Legas tafiya ce ta kwanaki, da abincinsu da masu kula da su. Ga shi dokin Arewa ba ya son kurmi, saboda ƙudan tsando da cutar sammore da laima. Kafin Sarki ya ɗaga kofi, sai wani ya kwana yana korar ƙwari daga jikin doki. Kuma dawar da harawar da dokin ya ci, manomi ne irin na Bakori da Danja da Ƙafur ya sunkuya ya noma su.

Shekara 37 a gadon sarauta

Sarki Dikko ya rasu a farkon 1944, aka naɗa Nagogo ya gaje shi, Gwamna Richards ya ba shi sanda a watan Mayu na shekarar. Duniya tana cikin yaƙi a lokacin, dubban samarin Arewa suna dajin Bama suna fafatawa da Japanawa. Sabon Sarkin ya yi tattaki har Indiya da Bama ya duba su. Ka ƙaddara kai ne ɗan ƙauyen da aka ɗauka soja, ka shekara ba ka ji ɗuriyar gida ba, rana ɗaya sai ga Sarkinku da rawaninsa a sansani.

Bayan yaƙi siyasa ta kunno kai. Ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Arewa a Kaduna. A 1952, da aka kafa Majalisar Ministoci ta tsakiya a Legas, yana cikin mutum huɗu da suka wakilci Arewa, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim, shi a matsayin minista marar ma'aikata. Daga baya ya riƙe irin wannan kujera a gwamnatin Jihar Arewa. Ingila ta ba shi lambar girma da ta sa ake kiransa Sir Usman. Duk wannan bai raba shi da fili ba, har ya zama shugaban ƙungiyar folo ta Najeriya na tsawon rai.

Sai ga Janairun 1966. Sojoji suka kashe Sardauna da Firayim Minista, Janar Ironsi ya karɓi mulki, ya naɗa gwamnan soja na Arewa. Wa aka naɗa? Hassan Usman Katsina, ɗan Nagogo na cikinsa, wanda aka haifa a 1933, shi ma gwanin folo. Uba yana Sarki, ɗa yana Gwamna a kan dukkan sarakunan Arewa, har da uban. Daga baya Hassan ya zama babban hafsan sojan ƙasa a lokacin yaƙin basasa. Sunansa ne a ƙofar wannan makaranta tamu, don haka duk takardar shaidar da za mu fita da ita tana ɗauke da sunan Usman, wato shi Nagogo.

A shekarun da suka biyo baya ne ikon sarakuna ya yi ta zaizayewa. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Mutumin da ya fara aiki da shugabancin 'yan doka, da idonsa ya ga an narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Ya hau gado yana da kotu da kurkuku da baitulmali, ya ƙare yana uban ƙasa mai ba da shawara. Ya zauna da Turawa, da 'yan siyasar jamhuriya ta farko, da sojoji, da 'yan siyasar jamhuriya ta biyu. A cikin waɗannan shekaru an tuɓe sarakuna da dama a Arewa, wasu manya ƙwarai, shi kuwa yana nan daram. Ni dai a ganina wanda ya saba da dokin da ke juyawa ba shiri ya san lokacin jan linzami da lokacin sassautawa.

Ɗaya gefen

Ba zan yi maku tarihin fada zalla ba, mu ɗalibai ne. Tsarin En'e da Nagogo ya yi wa hidima yana da masu kuka da shi. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta samu magoya baya a garuruwan kudancin Katsina, kuma kukanta a duk faɗin Arewa shi ne haraji, da jangali, da aikin tilas, da yadda 'yan doka da alƙalai suke takura wa 'yan adawa. Folo kuma, a faɗi gaskiya, wasan masu hali ne. Abin da doki ɗaya yake ci a wata ya ishe wani gida. Yau abin ya ma fi da, tunda attajirai ne suke kafa ƙungiya su ɗauko ƙwararru daga Ajantina da kuɗi.

Duk da haka akwai abin da ba za a ƙwace masa ba. Sarauta gado ce, amma 7 ɗin nan ba a gadonta. Ƙwallo ba ta san ɗan Sarki ba, doki ma in ka yi masa hawan ƙawara zai watsar da kai ko kai wane ne. Abin da ya samu a fili da gumi da faɗuwa da tashi ya same shi, a gaban alƙalan wasan da ba talakawansa ba ne.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah ya yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo rasuwa ranar 18 ga Maris 1981, shekara shida kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman, shi ma ɗan folo, ya gaje shi har zuwa 2008, sannan jikansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Janar Hassan ya rasu a 1995. Har yanzu duk shekara ana taruwa a filin da ke ɗauke da sunansa, kuma motocin dawaki ba su daina bi ta Bakori ba.

Abin da ya sa na zaɓi wannan tarihi a shekarata ta ƙarshe shi ne, mu 'yan kwalejin fasaha, in muka faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu gindin turke za mu. Mu ne za mu ɗaure waya, mu auna fili, mu gwada ƙarfin kankare, mu haɗa lissafin ofis, wani ya sa hannu a kira sunansa. Lokacin da na je koyon aiki a wani kamfani, ni da wani mai digiri aka ba mu aiki ɗaya. Ni na gano inda injin yake yoyo, shi aka kira ofis aka yaba wa. Na kwana biyu abin yana cina. Da na tuna samarin nan na cikin roka da suka ƙi shan ruwa sai dawakinsu sun sha, sai na ga ashe wannan hali ya girme ni.

Ba cewa nake mu haƙura da raini ba. Bambancin da ake nunawa tsakanin mai difloma da mai digiri abu ne da ya kamata ƙungiyarmu ta ci gaba da magana a kansa har a gyara. Amma kafin a gyara, majayin da aka ba ka ka ɗaure, ɗaure shi da kyau, don ran wani yana kai. In kuma Allah ya ɗora ka a kan sirdi wata rana, ka san sunan wanda ya riƙe maka likkafa, ka biya shi haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Ƙannena 'yan ajin farko, in gasar bana ta zo ku je kallo, ba nisa. Ku kalli cuka ɗaya ko biyu a gaba, sannan ku zagaya baya ku yi sallama, za a ba ku wurin zama a kan damin harawa.

Allah ya jiƙan Sarki Usman Nagogo da mahaifinsa da ɗansa Hassan. Allah ya jiƙan kakana da sauran waɗanda suka yi ɗawainiyar dawaki ba a rubuta sunansu ba. Mu kuma da ke shirin jarrabawar fita, Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu fita a sa'a. Amin.

Daga ɗan uwanku na ajin ƙarshe, mutumin Bakori.